Tafiya cikin lokaci: ta gaba an auna ta, ta baya har yanzu a takarda take

Duk mai kai saƙo da ya buɗe taswirar wayarsa a Kawo yana neman hanyar Barnawa, ya dogara ne da wasu agoguna da ba sa tafiya daidai da na hannunsa. Taurarin ɗan'adam na GPS suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 sama da mu, suna gudun kusan kilomita 14,000 a awa, kowannensu ɗauke da agogon atam, wato agogon da ke ƙirga lokaci da girgizar ƙwayar zarra. Da za a bar agogon yadda aka ƙera shi a ƙasa, kullum sai ya wuce namu da maikurosakan 38, wato sakan ɗaya a raba shi gida miliyan a ɗebi 38. Abin kamar bai taka kara ya karya ba. Sai dai wayar tana gane nisan tauraro ne daga lokacin da saƙonsa ya ɗauka kafin ya iso, saƙon kuma da gudun haske yake zuwa, kusan kilomita 300,000 a sakan. A wannan gudu, maikurosakan 38 tazarar kilomita 11 ce. Shi ya sa tun kafin a harba tauraron ake rage wa agogonsa sauri, daga bugu 10,230,000 a sakan zuwa 10,229,999.99543, don idan ya hau sama ya yi daidai da na ƙasa.

Agogon lafiyarsa ƙalau. Lokacin ne da kansa yake gudana daban a can. Daga nan maganar tafiya cikin lokaci ta fara a kimiyyar fiziks, kuma dole tun farko a raba ta gida biyu, domin fina-finai sun saba cakuɗa su: zuwa gaba daban, komawa baya daban.

Gudu yana rage lokaci

A 1905 Albert Einstein ya gina ka'idarsa ta farko a kan abu guda da gwaji ya riga ya nuna, musamman gwajin Michelson da Morley na 1887 a Amurka: gudun haske ɗaya ne ga kowa, kana tsaye ko kana tafiya. A ɗauka jirgin ƙasan Abuja ya tashi daga Rigasa, a cikin tarago akwai madubi biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a rufi, haske yana kaiwa da komowa tsakaninsu. Fasinja yana ganin hasken yana hawa da sauka a miƙe. Wanda ke tsaye a tasha kuwa yana ganinsa a karkace, domin kafin hasken ya kai rufi taragon ya matsa gaba. Karkatacciyar hanya ta fi miƙaƙƙiya tsawo. Tunda hasken ba ya ƙara gudu don ya cike giɓin, to a wurin mai tsaye kowane bugu na wannan agogo ya fi daɗewa. Kuma ba agogon madubi kaɗai ba. Bugun zuciyar fasinja, narkewar abincin cikinsa, tsiron gemunsa, duka a ma'auni ɗaya suke.

Lissafin ba ya buƙatar fiye da kalkuletar waya. Raba gudun matafiyi da gudun haske. Ninka abin da ya fito da kansa. Cire shi daga 1. Sai ka danna alamar √. Abin da ka samu shi ne lokacin da ya wuce wa matafiyi a duk sakan ɗaya na wanda ya zauna. A gwada da tagwaye, Hassan da Usaini. Hassan ya zauna a Tudun Wada, Usaini ya hau kumbo mai gudun kashi 80 cikin 100 na haske. 0.8 sau 0.8 ya ba da 0.64, a cire daga 1 saura 0.36, √ ɗinsa 0.6. Idan Hassan ya ƙirga shekara 10 kafin ɗan'uwansa ya dawo, Usaini shekara 6 kacal ya yi. A kashi 99 cikin 100 sakamakon 0.141 ne, shekara 10 ɗin ta koma kusan wata 17. A kashi 99.9 ba ta kai wata shida ba. A lura da yadda lissafin yake kwance a ƙaramin gudu, sai can daf da gudun haske yake miƙewa tsaye. Jirgin ƙasa mai gudun kilomita 100 a awa, a tafiyar awa biyu, abin da zai rage wa fasinja kusan kashi 3 ne cikin biliyan 100 na sakan.

Kurakurai biyu ake yawan yi a nan. Na farko, zaton cewa Usaini zai ji lokaci yana jan ƙafa. Ba zai ji komai ba. Sakan ɗinsa sakan ne, yunwarsa na zuwa a kan kari, sai ya sauka ya tarar da furfurar Hassan ne zai ga bambanci. Na biyu ya fi dabara, kuma ɗalibi mai kaifin kai yakan kawo shi: ai a idon Usaini, Hassan ne da duniyar gaba ɗaya suke gudu, to me zai hana Hassan ya zama ƙarami? Amsar ita ce tafiyar tasu ba iri ɗaya ba ce. Usaini ne ya taka birki, ya juya, ya kamo hanyar gida, kuma jikinsa ya ji wannan juyi. Hassan bai canza komai ba. Wanda ya juya shi ne agogonsa ke nuna ƙarancin lokaci idan aka haɗu.

An auna wannan ta hanyoyi da dama. A saman sararin iska, kusan kilomita 15 daga ƙasa, ana samar da wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira muwon, waɗanda matsakaicin rayuwarsu maikurosakan 2.2 ne. Ko da gudun haske suke yi, wannan ɗan lokaci bai isa su wuce mita 660 ba. Amma suna isowa ƙasa da yawa, suna ratsa kwanon rufi da jikin mutane a Unguwar Rimi kamar ko'ina, domin gudunsu ya sa agogonsu tafiyar hawainiya a ma'auninmu. A 1971 Joseph Hafele da Richard Keating suka sayi tikitin jirgin fasinja, suka ɗora agogunan atam a kujeru, suka zagaya duniya sau biyu. A zagayen gabas agogunan sun yi baya da nanosakan 59 idan aka gwada su da waɗanda aka bari a ƙasa, a zagayen yamma suka yi gaba da nanosakan 273. Nanosakan shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na sakan. Gabas da yamma sun bambanta ne saboda ita kanta duniya tana juyawa gabas, jirgin da ya bi ta ya ƙara gudu a kan nata, wanda ya saɓa mata ya rage.

A cikin mutane, 'yan sama-jannati ne suka fi kowa nisa a wannan tafiya. Oleg Kononenko na Rasha ya tara kwana 1,111 a sararin samaniya, a tashar da ke gudun kusan kilomita 7.7 a sakan. Duk da haka ribarsa ba ta kai kashi 3 cikin 100 na sakan ba.

Bayan gudu, hanya ta biyu ta zuwa gaba ta zo da ka'idar Einstein ta 1915, kuma ta shafi ƙarfin da ke janyo abu ƙasa, wanda akan kira maganaɗisun ƙasa duk da cewa ba maganaɗisu ba ne. Inda wannan ja ya fi zurfi, lokaci ya fi jinkiri. Kaduna tana kusan mita 600 sama da teku, Legas tana bakin teku, don haka agogon Kaduna yana wuce na Legas da kusan maikurosakan 2 a shekara. A 2010 masana a Amurka sun ɗaga wani agogon atam da santimita 33 kawai, suka kuma ga ya ƙara sauri. Wannan ne ya warware lissafin GPS da aka fara da shi: tsayin tauraron yana ƙara masa maikurosakan 45 a yini, gudunsa yana rage 7, saura 38.

Fim ɗin Interstellar na 2014 a kan wannan ya ginu, kuma masanin fiziks Kip Thorne ne ya tsare musu lissafin. Akwai wata duniya a fim ɗin da ke zagaya baƙin rami, wato wuri a sararin samaniya mai ƙarfin ja da ko haske ba ya kuɓuta daga cikinsa. A wannan duniya awa ɗaya take daidai da shekara 7 a namu, wato ninki fiye da 60,000. Lissafi ya yarda da haka, amma da sharaɗi mai tsauri: sai ramin ya kai nauyin rana miliyan 100, kuma yana juyawa daf da iyakar juyin da zai iya, in ba haka ba duniyar da ta matso kusa haka faɗawa ciki za ta yi. Inda fim ɗin ya yi sassauci shi ne saukin shiga da fita. Kumbon da zai sauka can ya sake hawowa yana buƙatar canjin gudu mai yawan gaske, ba abin da ɗan ƙaramin jirgi zai yi ba.

Kuɗin mota

Tunda hanyar gaba a buɗe take, me ya hana a bi ta? Makamashi. Kai kilo ɗaya tak zuwa kashi 99 cikin 100 na gudun haske yana cin kusan jul (ma'aunin makamashi) 550,000,000,000,000,000. A ɗauka tashoshin wutar lantarkin Najeriya suna ba da megawat 5,000 dare da rana babu yankewa, a zuba duka a kan wannan kilo ɗaya, babu asarar ko ɗigo: sai an yi shekara uku da rabi. Mutum mai kilo 70, tsirararsa ba kumbo ba abinci, shekara 245. Kumbo mai tan 100, shekara 350,000. Wannan na tashi ne kawai. Tsayawa ma haka take ci, domin a sarari babu kwalta da taya za ta kama, sannan a sake biya a dawowa. Abu mafi gudu da ɗan'adam ya taɓa ƙerawa, kumbon Parker da ke nazarin rana, ya kai kusan kilomita 692,000 a awa a Disambar 2024. Wannan bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 na gudun haske ba.

Jikin mutum ba shi ne matsalar ba, sabanin yadda ake zato. Gudu ba ya kashe mutum, ƙara gudu farat ɗaya ke kashewa. Kumbon da ke ƙara gudu a hankali, daidai yadda fasinja zai ji nauyinsa kamar yana tsaye a ƙasa, zai kusanci gudun haske cikin kusan shekara guda. Idan ya raba tafiyarsa gida huɗu, ƙara gudu, ragewa, juyowa da ƙarawa, sai ragewa, tafiyar shekara 10 a agogon kumbo za ta zama kusan 25 a gida. Ta shekara 20 ta zama kusan 340. Ta shekara 40 ta doshi 59,000. Abin da zai fi saurin hallaka matafiyin shi ne ƙura. Ƙwayar yashi mai nauyin miligiram ɗaya, idan aka yi karo da ita a kashi 99 cikin 100 na gudun haske, ƙarfinta ya kai na tan 130 na nakiyar TNT. Kuma tikitin na zuwa ne kawai. Wanda ya sauka bayan shekara 340 ya sauka ke nan.

Masu karatu kan kawo ƙissar Ashabul Kahfi da shekarunsu 309 a wannan gaɓa, suna tambaya ko wannan lissafi ne ya bayyana ta. Bai dace a ɗora ta a kansa ba. Babu gudu a kogon, babu baƙin rami, kuma malamai a matsayin aya ta ikon Allah suke karantar da ita. Lissafin Einstein ba tafsiri ba ne, kuma mai jingina imaninsa da shi ya jingina da abin da gwajin gobe zai iya gyarawa.

Komawa baya

Nan ne ƙasa ta fara santsi. Abin mamakin shi ne lissafin 1915 bai haramta komawa baya ƙarara ba. Ya ɗauki sarari da lokaci a matsayin shimfiɗa guda da nauyi ke lanƙwasawa, shimfiɗar da ke lanƙwasuwa kuwa ana iya tunanin naɗe ta har bakinta ya haɗu, mutum ya yi ta tafiya gaba ya ɓullo a jiyansa. A 1949 Kurt Gödel, abokin Einstein a Princeton, ya nuna hakan na faruwa a sararin samaniyar da ke juyawa gaba ɗayanta. Tamu ba haka take ba, faɗaɗa take yi. A 1974 Frank Tipler ya kawo wani gungume mai tsananin nauyi da ke juyawa da gudu, amma lissafin ya tsaya ne idan tsawon gungumen ba shi da iyaka. A 1991 Richard Gott ya kawo wasu zarurruka biyu na sararin samaniya masu gilma wa juna, waɗanda ba a taɓa ganin ko ɗaya ba. Kowace ƙofa an buɗe ta ne da mabuɗin da babu shi a kasuwa.

Wuce gudun haske ma hanya ce a takarda, domin saƙon da ya fi haske sauri ana iya tsara shi ya isa kafin a aika shi. Shi ya sa duniya ta ɗauka a 2011 da gwajin OPERA ya ba da rahoton cewa wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira niyutirino, da aka harba daga cibiyar bincike ta CERN kusa da Geneva zuwa Gran Sasso a Italiya, tazarar kilomita 730, sun riga haske isa da nanosakan 60. Bayan watanni aka gano babban dalilin: wata wayar haske da ke kai saƙon GPS zuwa agogon gwajin ba ta ɗauru da kyau ba. Da aka gyara, ƙwayoyin suka koma bayan haske.

Shawarar da ta fi kowace tsari ita ce ta ramin tsutsa, wadda Michael Morris da Kip Thorne da Ulvi Yurtsever suka wallafa a 1988. Tsutsar da ke kan gwaiba tana iya zagaya bayanta, tana kuma iya huda ta ta ɓullo ɗaya gefen. Ramin tsutsa irin wannan huda ce a shimfiɗar sarari, mai baki biyu da gajeren maƙogwaro. Ga yadda ake mayar da shi injin lokaci. A ajiye baki ɗaya a Kaduna wurin Hassan. A ɗora ɗayan a kumbon Usaini a farkon 2030, ya yi tafiyarsa a kashi 99 cikin 100 ya dawo a 2040. Bakin da ya yi tafiya wata 17 kawai ya tsufa. Amma ta cikin maƙogwaron bakunan biyu a manne suke, agogonsu ɗaya. Saboda haka wanda ya shiga bakin Usaini a 2040 zai fito ta bakin Hassan a tsakiyar 2031. Ya koma baya da shekara takwas da rabi.

Inda abin ke lalacewa wuri uku ne. Na ɗaya, ba a taɓa ganin ramin tsutsa ba. Na biyu, irin wanda Einstein da Nathan Rosen suka bayyana a 1935 yana tsukewa ya rufe kafin ko haske ya ratsa. Riƙe shi a buɗe sai da wani abu mai makamashi ƙasa da sifiri, wanda ke turewa maimakon janyowa. Irin wannan ba tatsuniya ba ce gaba ɗaya: Hendrik Casimir ya yi hasashe a 1948 cewa tsakanin faranti biyu na ƙarfe da aka matso da su ƙwarai makamashin yakan gaza na fanko, an kuma auna ƙarfin da hakan ke haifarwa a 1997. Amma abin da ake samu ɗan mitsitsi ne a tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba, ramin da mutum zai shige kuwa na neman abin da ake aunawa da nauyin duniyoyi. Na uku shi ne wanda Stephen Hawking ya tsaya a kai a 1992. Duk wanda ya halarci taron da aka matso da makirufo kusa da lasifika ya san ƙarar nan mai huda kunne: sauti ya fita, ya sake shiga, ya ƙaru, ya sake fita. Hawking ya ce daidai lokacin da rami zai zama injin lokaci, ƙananan girgizar makamashi za su riƙa zagayawa ta cikinsa suna haɗuwa da kansu suna ninkuwa har su rusa shi. Hasashe ne, ba a tabbatar ba, domin tabbatar da shi na buƙatar ka'idar da ta haɗa lissafin manyan taurari da na ƙananan ƙwayoyi, ita kuwa ba a kammala ta ba. A ganina hujjarsa ta fi ta masu cewa za a iya ƙarfi.

Sai rikicin hankali. Mutum ya koma 1960 ya ɓata neman auren kakansa, aka mayar da kayan gaisuwa. To ba a haifi ubansa ba, ba a haife shi ba, wa ya je ya ɓata auren? Masanin Rasha Igor Novikov ya ce abin da ya faru ya riga ya faru: matafiyin zai iya zuwa, amma duk abin da ya yi yana cikin tarihin tun asali, ƙila ma shisshiginsa ne ya sa iyayen yarinyar suka gaggauta ɗaurin auren. An gwada wannan a lissafi da ƙwallon sunuka da aka harba cikin rami don ya fito a baya ya buge kansa ya hana kansa shiga. Thorne da ɗalibansa suka samu a 1991 cewa akwai mafita: ƙwallon ya fito a ɗan karkace, ya goge kansa kaɗan, wannan gugar ce kuma ta sa ya shiga a karkace. David Deutsch ya bi wata hanyar, cewa matafiyin ya faɗa wani reshen tarihi ne daban, ya hana haihuwar wani mai kama da shi, nasa reshen na nan yadda ya bar shi. Yawancin labaran ƙirƙira ɗaya daga cikin biyun nan suke ɗauka, marasa kyan cikinsu kuma su riƙa tsalle tsakaninsu duk inda labari ya cije.

Littafin H. G. Wells na 1895, The Time Machine, ya cancanci yabo, domin shekara goma kafin Einstein ya riga ya kira lokaci ɓangare na huɗu bayan tsawo da faɗi da zurfi. Amma injinsa kujera ce da ke zaune wuri ɗaya ana jan hannu, kuma babu abin da ya yi kama da haka a fiziks. Motar fim ɗin Back to the Future tana tsallaka zamani ne a mil 88, kusan kilomita 142 a awa, gudun da ba a rasa mai yin sa a hanyar Zariya. Su biyun kuma sun tsallake tambayar wuri. Duniya tana zagaya rana da kusan kilomita 30 a sakan, fiye da kilomita miliyan biyu da rabi a yini. Injin da ya ɓace yau ya ɓullo jiya dole ya faɗi abin da ya ɗaure shi da Kaduna. Ramin tsutsa ya tsira daga wannan, domin inda bakinsa yake nan za ka fito.

Yana da wata iyakar kuma da fina-finai ba sa so. Ba ya kai mutum baya fiye da ranar da aka haɗa shi. Injin Hassan da Usaini ba zai kai kowa 2029 ba, balle zamanin Sarauniya Amina. A ranar 28 ga Yuni 2009 Hawking ya shirya walima a Cambridge don matafiya daga gaba, bai fitar da katin gayyata ba sai bayan an tashi. Babu wanda ya zo. Ana yawan kawo wannan a matsayin hujjar cewa komawa baya ba ta yiwuwa, amma ko da wani zai gina ramin a shekarar 3000, baƙinsa ba su da hanyar isa 2009, domin a ranar walimar babu bakin da za su fito ta ciki.